Takardar da ke Cikin Jakata

Shekara uku ke nan takardar tana cikin jakata,
ninki huɗu, tsakanin katin bas da ƙwayar ciwon kai.
Na rubuta ta daren da ruwa ya shigo ɗaki na shida har idon sawu,
muka ɗage marasa lafiya bisa tebura,
fitilar waya a haƙora, hannu biyu a aiki.
Na sa hannu a ƙasanta.
Kwanan wata kaɗai na bari.

Sosamma ta tafi Dubai, Bindu ta tafi Dublin.
Suna turo hotuna: daɓe mai sheƙi kamar faranti,
gado mai tashi da kansa in an danna.
A nan Alappuzha gado na tara sai an tokare shi da bulo,
albashi kuwa halin kwalekwalen yamma gare shi,
zai zo, amma kada ki tambayi ƙarfe nawa.

Mijina ya ce, to me ya riƙe ki?
Na ce shayi.
Ya yi dariya, ni ban yi ba.
Ƙarfe ukun dare Thankappan mai tura keken marasa lafiya
yakan dire kofi kusa da littafin rahoto,
citta da yawa, babu sukari.
Bai taɓa tambayata yadda nake so ba.
Lura ya yi.

Akwai kuma ranar da na ce
a matso da tukunyar iskar numfashi bakin ƙofa,
don taku goma sha ɗaya tafiya ce mai nisa
ga wanda ƙirjinsa ya ƙulle.
Na faɗa ne kawai don kada ta ruɓe mini a ciki.
Sai babbarmu Aleyamma ta cire tabarau,
ta auna takun da ƙafarta, tana ƙirgawa a fili.
Washegari na tarar da tukunyar a bakin ƙofa.
A taron Litinin ta ce, "Shawarar Rejani ce."
Kalma uku.
Na yi wata guda ina cin su.

Ba kullum ake kwana a gado ba.
An kawo wani yaro daga fadamar shinkafa,
maciji ya riga mu da sa'a biyar.
Na fita bayan ɗakin wanki, inda ake shanya zannuwa.
Likita Unnithan ya same ni, bai ce in daure ba,
ya zauna a kan siminti da farar rigarsa,
ya ce shi ma yana da nasa,
ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har bakwai.
Muka tashi, don gado na huɗu yana kira.

Wani tsohon masunci da muka sallama bara
yakan zo da kifi a ganyen ayaba.
Ya manta sunana,
a bakin get sai ya ce, ina mai hannun nan da ba ya zafi?

Yanzu ga Athira, ɗaliba, wata biyu da zuwa,
hannunta na rawa in tana neman jijiya.
Nakan ɗora nawa bisa nata, in ce bi a sannu,
jijiya ba ta son a firgita ta.
Jiya ta samu ita kaɗai.
Ta waigo tana nemana da ido.
Da na tafi, wa za ta gani a wurin?

Ban ce ba zan tafi ba.
Kuɗin makarantar ɗana ba ya jin wannan labari.

Amma ɗazu wata tsohuwa ta roƙe ni
in rubuta lambar 'yarta kafin ta ɓace mata.
Na lalubi jaka, babu takarda sai ita.
Na yagi kusurwa.
Karo na biyar ke nan.
Kaɗan ya rage yagar ta kai ga sa hannuna.